Shekarar da Na Bar Kan Mesa

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidan nan, wadda na san tana zaune a zukatanku ko da yake babu wanda ya taɓa tambayata. Gwaggonku Maryam ce ta fi yawan faɗinta, Allah ya gafarta mata. Takan ce uwarku ce ta je ta kai ƙarata wurin hukuma har aka sauke ni daga motar kashe gobara aka zaunar da ni gaban tarho. Uwarku ba ta taɓa musawa ba, ni ma ban taɓa gyara zancen ba. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, na samu lokacin zama, bari in faɗa muku yadda abin ya faru, domin laifin da ke cikinsa nawa ne.

A lokacin muna zaune a unguwar Hindawiyya a Jidda, a gidan katako da kwano da mahaifina ya kafa bayan ya iso daga ƙasar Hausa da ƙafa ta hanyar Sudan. Ruwa ya yi ta ɗauka yana sayarwa gida-gida har Allah ya yi masa rasuwa. Ni a nan aka haife ni, na samu takardar ɗan ƙasa, na shiga aikin mataafi, waɗanda mutanen ƙasar Hausa ke ce wa 'yan kwana-kwana. A gidan akwai Inna, mahaifiyata, da uwarku Asiya, da Umar da Hafsa suna ƙanana, Safiya kuwa tana goye. Yaya Maryam tana aure a lungun da ke bayanmu, amma a gidanmu take wuni.

Shekarata tara a aiki, biyar daga ciki ni ke riƙe da kan mesa. Ku da ba ku san aikin ba za ku ga kamar abu ne mai sauƙi. Idan aka sako ruwa, mesar nan takan yi ƙarfin da za ta kayar da ƙato, kuma mai riƙe da kanta shi ne ke gaba, shi ke fara shiga, shi ke fita ƙarshe. Ba a ba kowa wurin nan. Ɗan mai ɗaukar ruwa ne ni, baƙi, daga Hindawiyya, amma idan motarmu ta ratsa kasuwa tana buga ƙararrawa, 'yan kasuwa masu rawani sukan ja da baya su ba mu hanya, wasu har su ɗaga mini hannu. Ina son abin nan fiye da yadda zan iya kwatanta muku. Inna kuwa duk wanda ya shigo gidan sai ta nuna masa hular ƙarfena idan na zo da ita.

Wata rana da la'asar, cikin tsakiyar zafi, wuta ta kama wani babban shagon ajiya kusa da tashar jiragen ruwa, cike da tayoyi da gwangwanayen fenti. Hayaƙin baƙi ne ƙirin, mai kama maƙogwaro. A zamanin ba mu da abin rufe fuska, sai dai ka jiƙa tsumma ka ɗaure hanci. Aka ce mai gadin wurin, wani tsoho Bayamane, yana ciki. Na shiga na same shi kwance bayan ƙofa, na jawo shi waje, na koma kan mesata. Ba mu ci ƙarfin wutar ba sai gab da magariba. Da na dawo markaz, wato tasharmu, na yi ta tofar da baƙin majina, abokan aiki suna yi mini dariya suna cewa Bakur ya ci gawayi. Ni ma na yi dariya. Duk wanda ya yi aikin ya san tarin bayan gobara, kwana uku ne ya wuce. Nawa ya ƙi wucewa.

Kamar wata biyu kafin wannan, an tara mu a layin safe aka karanta mana takarda daga sama. Abin da ta ƙunsa shi ne, duk ma'aikacin mataafi ko ɗan sanda da ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki, gwamnati ce za ta ɗauki nauyin maganinsa, duk inda likita ya ce a kai shi za a kai shi, albashinsa kuma ba zai tsaya ba. Amma akwai sharaɗi. Sai ya gurfana gaban lajna, kwamitin likitoci, su ne kuma za su yanke ko zai koma inda yake ko a canza masa aiki. Kowa ya yi hamdala da farkon takardar, ƙarshenta kuwa bai yi wa kowa daɗi ba.

Na riga na ga abin da lajna ke yi da mutum. Maƙwabcinmu Idris, Bahaushen Sudan, ɗan sandan hanya ne, su kuma takardar ta daɗe da isa gare su. Wata babbar mota ta take masa ƙafa yana ba da hannu a mararraba. An yi masa magani sosai, an ɗora ƙafar, ba a karɓi ko kwabonsa ba. Da ya warke sai aka ce ba zai ƙara tsayuwar titi ba, aka ajiye shi a ƙofar wani ofis kan kujera, yana duba takardun masu shiga. Shi dai yana godiya ga Allah. Ni kuwa duk lokacin da na gan shi yana ɗingisawa zuwa kujerar nan sai in ce a raina, Allah kada ka nuna mini wannan rana.

Don haka na ɓoye tarin. A markaz idan ya taso mini sai in zagaya bayan motar ruwa. A layin safe nakan cije in danne shi har idona ya kawo hawaye. Inna ta dage da zuma da habbatus sauda, ta sa aka kawo wani mai lalas ya ɗana mini ƙarfe mai zafi a baya wuri uku. Na rame, wandon kakina ya fara zamewa, ga zazzaɓi kullum da yamma. Sai ranar da na yi tari a hankici na ga jini. Na naɗe shi na cusa a aljihu, na manta cewa Asiya ce ke wanki.

Washegari tana miƙo mini shayi ta ajiye hankicin a gefen tabarma, ba ta wanke shi ba.

"Abu Umar, wannan fa?"

"Dasashi ne ya fashe."

"Matar Idris ta ce takardar da aka karanta wa su mijinta, ku ma an karanta muku."

"An karanta."

"To me ya hana ka zuwa?"

Kafin in ba ta amsa Inna ta ɗaga murya daga bakin murhu.

"Ya je su kai shi Ɗa'if? Wa kika taɓa gani an kai shi asibitin ƙirjin nan ya dawo da ƙafarsa? Ɗana tarin hayaƙi yake yi, ki bar ja masa baki."

Na ce wa Asiya halas, ya isa, kada in ƙara jin maganar. Ta ɗauke hankicinta ta shiga ɗaki. Na ɗauka zance ya mutu.

Bayan kamar mako biyu, na dawo aiki daga hutun kwana ɗaya, sai aka ce Mulazim Salim yana kirana. Shi ne shugaban markaz ɗinmu, mutumin Makka, mai ƙarancin magana. Na shiga na ƙame. Hankicin nan na gani a kan teburinsa, an shimfiɗa shi a kan wata tsohuwar jarida.

"Ya Bakur, ka san wannan?"

"Na sani, ɗal umrak," na ce, wato ranka ya daɗe.

"Jiya iyalinka ta tsaya a ƙofar nan tun hantsi da yarinya a baya. Mai gadi ya ce mata ba a shigar da mata, ta ce ita ba shiga za ta yi ba, za ta jira in fito. Sai azahar na fito."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matata, a ƙofar markaz, gaban abokan aikina.

"Ɗal umrak, maganar mata ce. Lafiyata ƙalau."

"To, yi numfashi mai tsawo in gani."

Na ja iska, ban kai rabi ba tarin ya kece mini, har sai da na dafa bango. Ya bari na gama sannan ya yi magana.

"Idan ka faɗi da mesa a hannu, mutum uku ne a bayanka. Su ma suna da 'ya'ya. Zan rubuta cewa ciwon nan daga gobarar shagon tayoyi ya samo asali, domin gaskiya ce, ina wurin. Da wannan rubutun gwamnati za ta ɗauke ka. Gobe da safe ka je lajna."

Na koma gida ban ce wa Asiya komai ba. Inna na gaya wa, a gabanta, kamar ba ta wurin. Inna ta saka kuka. Yaya Maryam ta zo ta tsaya a tsakar gida tana magana yadda maƙwabta za su ji.

"Tun da nake ban taɓa ganin matar da ta ɗauki asirin mijinta ta kai wa hukuma ba. Ke kika sa shi a aikin da za ki cire shi?"

Asiya tana tsugune tana soya gyaɗar da take kaiwa ƙofar makaranta. Ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da juya yashin a kasko. A nan ya kamata in buɗe baki in ce wa yayata ta bari. Na yi shiru, domin a lokacin abin da take faɗi ya yi mini daɗi.

Likitocin lajna suka ɗauki hoton ƙirjina. Babbansu, wani Bamisre, ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mini wani farin tabo. Ya ce hayaƙin ya ƙona huhun, tarin fuka kuma ya samu wuri ya shiga. Aka kira iyalina duka aka duba su, Allah ya sa babu wanda ya ɗauka. Cikin kwana huɗu aka sa ni a motar gwamnati zuwa Ɗa'if. Ranar tafiya na sallami Inna, na shafa kan yara. Asiya ta miƙo mini ƙullin kaya da bargo, na karɓa ban dube ta ba.

Wata takwas na yi a can. Ni da ban taɓa sanin wani abu ba sai zafin Jidda da gumi, sai ga ni a kan dutse inda hazo ke shigowa ta taga da safe. Allura kullum, ƙwayoyi cike da tafin hannu, madara da ƙwai da nama, da rumman da inabi idan lokacinsu ya yi. Ban taɓa cin abinci irin wannan ba a rayuwata, kuma ba wanda ya taɓa tambayata ko sisi. Kowane ƙarshen wata direban markaz yakan kai albashina gida ya damƙa wa Inna. Duk da haka fushina bai sauka ba. Nakan kwanta ina tunanin wa aka ba kan mesa a bayana.

A gadon da ke kusa da nawa akwai Mabruk, shi ma ɗan mataafi ne, daga Makka. Mutum ne mai barkwanci, ya iya kwaikwayon muryar kowane likita. Shekara uku ya yi yana ɓoye nasa tarin, sai da ya faɗi a layin safe aka kawo shi. Wata rana da hantsi muna shan rana a baranda na ba shi labarin abin da matata ta yi mini, ina jira ya taya ni.

"Tawa ta ga jinin tun shekarar farko," in ji shi. "Na ce ta yi shiru, ta yi shiru. Mace ce mai biyayya, ban ga laifinta ba."

Ya rasu kafin sanyi ya fita, ya bar 'ya'ya biyar. Ni na taya aka naɗe kayansa. Daga ranar na san inda gaskiya take, amma tsakanin sani da faɗi akwai tafiya mai nisa ga irina.

Sau ɗaya Asiya ta zo duba ni. Idris ne ya rako ta da matarsa, suka hau babbar mota ta sabuwar hanyar dutse, ta yi ta amai tun daga gindin dutsen har sama. Ba a barin baƙi su shigo wurin masu tarin fuka, don haka ta tsaya a bayan shingen waya, ni ina ciki, tsakaninmu kamar taku biyar. Ta rame fiye da ni. Na tambaye ta Inna, na tambaye ta yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce Safiya ta fara tafiya. Ta ba ma'aikaci gwangwanin gyaɗa ya miƙo mini. Ita ban tambaye ta lafiyarta ba. Da za ta tafi ta ce:

"Ka yi ƙiba."

Na ce, "Suna ba mu abinci."

Shi ke nan abin da muka ce wa juna. Sai daga baya matar Idris ta gaya mini cewa a watannin nan Inna ba ta cin abincin da Asiya ta dafa, ita ke dafa nata daban, matan lungu kuma sukan yi shiru idan ta zo ɗiban ruwa.

Da aka sallame ni na koma gaban lajna. Suka ce huhu ya warke amma ba zai ƙara ɗaukar hayaƙi ba, har abada. Mulazim Salim ya sa ni a ɗakin tarho. Ba zan yi muku ƙarya ba, watannin farko sun yi mini ɗaci. Ni ke ɗaga waya, ni ke buga ƙararrawa, in ga mutane suna gudu suna hawa mota, a fita a bar ni da kujera. Wanda aka ba kan mesa a bayana ya yi ta samun ƙarin girma har ya zama mai ba da umarni, ni kuwa igiya ɗaya tak na ƙara a shekara ashirin da biyu. Hannun da ake ɗaga mini a kasuwa ma ya ƙare. Wannan duka na rasa shi, kuma ban ce ba komai ba ne.

Amma aikin ya zo da abin da ban zata ba. A zamanin lungunanmu ba su da suna balle lamba. Mutum zai ruga shagon da ke da tarho ya kira a ruɗe, ya ce wuta a bayan gidan mai burodi, kusa da inda ake sayar da awaki. Ma'aikacin da ya zo daga wani gari ba zai gane komai ba. Ni kuwa na bi mahaifina da garwar ruwa lungu-lungu, na san inda mota ke iya shiga da inda sai an ja mesa da ƙafa. Kuma sau da yawa mai kiran tsohuwa ce ko sabon zuwa wanda Larabci ya gudu daga bakinsa don tsoro. Sai in ce da Hausa, "Baba, kwantar da hankalinki, ina ne?" Za ka ji numfashinta ya dawo. Har ta kai direbobi ba sa tashi sai sun leƙo sun ce, ya Bakur, ta ina za mu bi? Da yamma kuma nakan dawo gida da ƙafata. Na ga yayen Safiya, na ga haihuwar Aliyu da Zainab, waɗanda ba don zuwan uwarku ƙofar markaz ba da babu su a duniya. Ni na sa Inna a kabari da hannuna, na aurar da ku duka. Idris ya zama babban abokina, muna shan shayi a ƙofar gida muna yi wa juna tsiyar zaman kujera har Allah ya ɗauke shi.

Inna ta sauko daga fushinta da kanta sannu a hankali, ba tare da an yi wata magana ba. A ciwonta na ƙarshe ba ta yarda kowa ya juya ta sai Asiya. Yaya Maryam kuwa ta riƙe nata zancen har ƙarshe, ni kuma na bar ta, domin ya fi mini sauƙi a ce mace ce ta sauke ni daga mota a kan a ce ƙirjina ne ya gaza. Abin da nake so ku riƙe ke nan.

Da na gama rubuta wannan na karanta wa uwarku, tana zaune tana tsince shinkafa, tabarau a kan hanci. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ce:

"Ka yi kuskure wuri ɗaya."

"Ina?"

"Ba sau ɗaya na je markaz ba. Sau uku na je. Na farko na hango ƙofar na juyo. Na biyu har na gaida mai gadi, na ce masa ɓatan hanya na yi."

"Me ya mayar da ke?"

"Na san halinka. Na ce idan ka ji, sakina za ka yi."

"To, na ukun fa?"

Ta zubar da tsakuwar da ke hannunta a murfin kwano, ta ci gaba da tsintarta.

"Na ukun na ce gara ka sake ni kana da rai."

Na ce ta yafe mini. Shekara arba'in da wani abu ke nan da ya kamata in faɗa. Ta ce ta yafe tun ranar da ta gan ni a bayan waya na yi ƙiba, sannan ta ce in matsa, na tare mata haske.